Kwame Nkrumah: Malamin makarantar da ya gina Akosombo da kuɗin koko

Kullum da safe sai na bi ta ƙarƙashin gadar Circle kafin in isa makarantar da nake koyarwa a Adabraka, unguwar da dattawanmu ke cewa sunanta daga kalmar albarka ya samo asali. Circle ɗin nan sunan Kwame Nkrumah yake ɗauke da shi. A nan ne kuma, daren 3 ga Yuni 2015, kogin Odaw ya tumbatsa, ruwa ya shiga gidaje, wuta ta tashi a wani gidan mai, mutum kusan 150 suka rasu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. A watan Nuwamban 2016 aka buɗe sabuwar gadar sama mai fitilu kala-kala a wurin, amma har yau in hadari ya haɗo, iyayen ɗalibaina sukan fara ɗora katifu kan tebur.

Wata ɗalibata 'yar aji biyu ce ta sa na zauna rubuta wannan. Ina cikin lissafa musu ayyukan Nkrumah a allo, sai ta ɗaga hannu ta tambaye ni yadda aka yi ƙasar da ta iya tare kogin Volta shekara sittin da suka wuce ta kasa gyara kwatar bayan gidansu. Na ba ta amsar da ni kaina ban gamsu da ita ba. Na koma na sake bin rayuwar mutumin, wannan karon ina tambayar abu ɗaya a kowane mataki: ina ya samo kuɗin, me ya yi da su, kuma me ya faru bayan sun ƙare.

Daga Nkroful zuwa Achimota

An haifi Nkrumah a ƙauyen Nkroful na ƙasar Nzema, can yammacin Ghana, a 1909. Ranar 21 ga Satumba aka ɗauka a hukumance a matsayin ranar haihuwarsa. Mahaifinsa maƙerin zinariya ne, mahaifiyarsa Nyaniba kuwa 'yar kasuwa. Ya yi karatun farko a makarantar 'yan Katolika da ke Half Assini, ya fara koyar da ƙananan yara tun shi ma bai gama girma ba. Daga nan aka kawo shi kwalejin horon malamai ta gwamnati a Accra, wadda aka haɗe da Achimota, ya fito da takardar malanta a 1930. Ya koyar a Elmina, ya yi hedimasta a Axim. Ni da na fito daga kwalejin malamai, wannan ɓangaren yakan taɓa ni. Mutumin ya san ƙurar alli, ya san ajin da yara suka fi kujeru yawa.

Ita kanta Achimota ɗin tana cikin zagayen farko na manyan ayyukan gwamnati a ƙasar nan. Gwamna Gordon Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, ya tsara shirin raya ƙasa na shekara goma, na kimanin fam miliyan 25. Daga cikinsa aka samu asibitin Korle Bu a 1923, Achimota a 1927, da tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928. Mafi yawan kuɗin a sufuri suka tafi, don a fitar da koko da ma'adinai zuwa bakin teku. Layin dogon da aka yi maganar kaiwa Arewa bai wuce Kumasi ba, kuma har yau ɗin nan jirgin ƙasa bai taɓa shiga Tamale ba. Da kasuwannin duniya suka faɗi daga 1929, farashin koko ya rushe, gwamnatin mulkin mallaka ta ɗaure bakin jaka. Ke nan a shekarar da Nkrumah ya karɓi takardarsa, ya ga da idonsa yadda gini ke tsayawa da zarar koko ya faɗi. Ku riƙe wannan, domin zai maimaitu a kansa.

A 1935 ya tafi Amurka, ya yi shekara goma yana karatu a Jami'ar Lincoln da ta Pennsylvania, yana ƙananan ayyuka don ciyar da kansa. A 1945 ya koma Landan, inda shi da George Padmore suka taimaka wajen shirya babban taron 'yan kishin Afirka a Manchester. A ƙarshen 1947 jam'iyyar UGCC ta kira shi gida ya zama sakatarenta. Bayan harbe tsofaffin sojoji uku a Accra ranar 28 ga Fabrairu 1948 da tarzomar da ta biyo baya, Turawa suka tsare shi tare da wasu shugabanni biyar. Ya raba gari da UGCC, ya kafa CPP ranar 12 ga Yuni 1949. An ɗaure shi a kurkukun James Fort a 1950, yana ciki jam'iyyarsa ta lashe zaɓen 1951, aka fito da shi ya jagoranci gwamnati. Ya zama firayim minista a 1952, Ghana ta samu 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, ya zama shugaban ƙasa ranar 1 ga Yuli 1960.

Ina kuɗin suka fito?

Amsar a taƙaice ita ce koko. Ba kokon da muke sha da ƙosai da safe ba, na gona. Tun 1947 aka kafa hukumar sayen koko, ita kaɗai ke da ikon fitar da shi waje. Tana saye a hannun manomi a farashi ƙayyadadde, ta sayar a kasuwar duniya, rarar ta zauna a hannun gwamnati. A farkon shekarun 1950 farashin duniya ya yi tashin gwauron zabi, rarar ta yi yawa. Lokacin samun 'yanci ana ƙiyasta ajiyar Ghana a waje da kimanin fam miliyan 200, abin da ƙasashen Afirka kaɗan ne suka taɓa gani a wancan zamani.

Nkrumah bai jira ba. Shirin shekara goma da ya tarar a teburin Turawa, ya ce a gama shi cikin biyar. A 1951 ya fito da shirin gaggauta ilimi, aka cire kuɗin makaranta a firamare, aka buɗe kwalejojin malamai, yawan yara a aji ya ninka cikin 'yan shekaru. Dokar ilimi ta 1961 ta mai da firamare kyauta kuma dole. An buɗe kwalejin fasaha ta Kumasi a 1952, wadda yanzu ita ce jami'ar da ke ɗauke da sunansa, aka ƙara ta Cape Coast a 1962 musamman don horar da malamai. An ware wa 'yan Arewa tallafin karatu na musamman saboda an bar su a baya.

To amma wa ya biya? A 1954, farashi na can sama a duniya, gwamnati ta tsayar da abin da za a ba manomi a kan sule 72 kowane kaya mai nauyin laba 60. Manoman Asante suka ga guminsu ake kwashewa zuwa Accra, kuma daga wannan fushin ne jam'iyyar adawa ta NLM ta taso a Kumasi a shekarar. A ƙarƙashin manomin kuma akwai lebura, wanda sau da yawa ɗan Arewa ne, ko Bamoshe, ko Bazabarme, ko Bahaushe. In aka matse mai gona, shi ma ya matse wanda ke masa sara. Kakana na wajen uwa yana cikin irin waɗannan. Ya yi ƙwadago a gonakin koko, daga baya ya koma dako a Tema lokacin da ake gina tashar. Har ya rasu yana alfahari da cewa hannunsa na cikin wannan ginin, duk da ɗaki ɗaya ya iya kamawa haya a Nima.

Mu da shi

Bai kamata in yi wa masu karatu na Zango rufa-rufa a nan ba. Dangantakar Nkrumah da Musulmin Zango ba ta tafi sumul ba. Akwai da yawa da suka bi shi, akwai kuma waɗanda suka tsaya a jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ta haɗa kai da 'yan adawa. Watanni kaɗan bayan 'yanci, a 1957, gwamnatinsa ta kori Alhaji Amadu Baba, babban jigon Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Larden Lalemi zuwa Najeriya. A ƙarshen shekarar aka yi dokar da ta haramta jam'iyyun addini da na ƙabila da na yanki. A 1958 dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba ta biyo baya, kuma a ƙarƙashinta ne J. B. Danquah ya mutu a kurkukun Nsawam a 1965. A 1964 ƙasar ta koma jam'iyya ɗaya.

Na kawo wannan ne saboda yana da alaƙa da kuɗi. Inda babu mai cewa a tsaya a duba lissafi, aiki mai kyau da maras kyau duka wucewa suke yi. Masanin tattalin arziki Arthur Lewis, wanda daga baya ya ci lambar Nobel, ya zo ya zama mai ba Nkrumah shawara a 1957, ya bar aikin a 1958 saboda saɓani kan irin ayyukan da ake son zuba wa kuɗi. Ministan kuɗinsa Komla Gbedemah, wanda ya yi ta kai-kawo wajen neman rancen aikin Volta, shi ma sun ɓata a 1961, ya bar ƙasar.

Shekarun gini

Daga 1957 zuwa 1965 ƙasar ta zama kamar fili ɗaya na aikin gini. An buɗe gadar Adomi a 1957, tashar Tema a 1962, matatar mai ta Tema a 1963, babbar hanyar kankare mai tsawon kilomita 19 tsakanin Accra da Tema a 1965. Babban aikin shi ne madatsar ruwan Akosombo, da aka fara a 1961 da kuɗin Ghana da rancen Bankin Duniya da Amurka da Ingila, Nkrumah ya ƙaddamar da ita a Janairun 1966. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai murabba'in kilomita kusan 8,500, kuma mutum kimanin 80,000 aka tayar daga garuruwansu. Don a samu rancen, sai da aka amince a sayar wa kamfanin narkar da alminiyom na Valco babban kaso na wutar a farashi mai rahusa na shekaru masu yawa. Arewacin ƙasar kuwa, sai wajen ƙarshen shekarun 1980 wayar Akosombo ta fara isa gare shi.

Tunanin Nkrumah a fili yake. Ƙasar da ke sayar da ɗanyen koko ta sayo sukari da gwangwani da takalmi daga Turai ba za ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba, kuma tunda babu attajiran gida masu jarin gina masana'antu, gwamnati ce za ta gina. Shirin shekara bakwai da aka ƙaddamar a 1964 ya hango kashe kimanin fam biliyan ɗaya tsakanin gwamnati da 'yan kasuwa. Aka kafa masana'antar sukari a Komenda da Asutsuare, ta gilashi a Aboso, ta takalmi a Kumasi, ta nama a kusa da Bolgatanga. Wasu an yi musu kyakkyawan lissafi, wasu kuwa an kawo injuna kafin a tabbatar da abin da za a zuba musu. Rumbunan ajiyar koko da aka gina a Tema ba a taɓa zuba koko a cikinsu ba. Ga kuma katafaren ginin Job 600 da aka yi don taron shugabannin Afirka na 1965, a daidai lokacin da kaya suka fara ƙaranci a kasuwa.

Tun 1961 ajiyar ta fara ja baya. Kasafin kuɗin shekarar ya zo da sababbin haraji da ajiyar dole daga albashin ma'aikata, abin da ya jawo yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa da na tasha a Sekondi da Takoradi a watan Satumba. Gwamnati ta koma karɓar injuna da kwangila bashi daga kamfanonin waje, irin bashin da wa'adinsa gajere ne, ruwansa kuma mai yawa, alhali ayyukan da aka yi da shi sai an shekara goma ko ashirin kafin su fara dawo da kuɗi. A kakar 1964 zuwa 1965 manoma suka yi noman da ba a taɓa yi ba, tan fiye da rabin miliyan, sai farashin duniya ya faɗi warwas. Rarar da ake gini da ita ta ƙafe, masu bin bashi suna ƙofa.

Ranar 24 ga Fabrairu 1966, wata ɗaya bayan buɗe Akosombo, yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi neman sulhu a yaƙin Biyetnam, sojoji da 'yan sanda suka kifar da gwamnatinsa. Sekou Toure ya karɓe shi a Conakry, ya ba shi girman abokin shugabanci. Ya zauna can yana rubuce-rubuce yana sa ran komawa gida, har ciwo ya ci ƙarfinsa. Ya rasu a Bucharest ta ƙasar Romaniya ranar 27 ga Afrilu 1972. An binne shi a Nkroful, daga baya a 1992 aka mayar da gawarsa hubbaren da ke bakin teku a Accra.

Abin da ya biyo bayansa

Sojojin da suka hau sun rage kashe kuɗi, suka dakatar da ayyuka da dama, ciki har da madatsar Bui da aka fara shiri da taimakon Tarayyar Sobiyet. Gwamnatin Busia ta fito da dokar korar baƙi a Nuwamban 1969, wadda ta kwashe dubban mutanen Zango, ciki har da leburorin koko da fataken shanu. Acheampong ya hau a 1972 ya ce ba zai biya wasu basussukan ba. A zamaninsa aka fara madatsar Kpong, wadda aka gama a 1982, amma gaba ɗaya shekarun 1970 lokacin lalacewa ne: hanyoyi suka farfashe, layin dogo ya tsufa, malamai suka yi ta tsallakawa Najeriya neman abinci. A 1983 fari da gobarar daji suka haɗu da dawowar 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya da Najeriya ta kora. A shekarar gwamnatin Rawlings ta shiga shirin farfaɗo da tattalin arziki tare da IMF da Bankin Duniya. Kuɗin ayyuka suka sake ɗagawa, amma yawanci rance ne da tallafi, kuma yawanci gyaran abin da aka gina a baya ake yi. Masana'antun gwamnati kuwa, wasu aka sayar, wasu aka rufe.

A 2001 gwamnatin Kufuor ta shiga shirin yafe bashi na ƙasashe matalauta, aka kammala a 2004, nauyi ya ragu. A 2007 Ghana ta fara cin bashi a kasuwar takardun lamuni ta duniya, dala miliyan 750. Man fetur ya fara fita a ƙarshen 2010. Madatsar Bui da aka ajiye tun 1966, sai a 2013 aka buɗe ta da rancen Sin. An sake gina masana'antar sukari ta Komenda da rancen Indiya, aka ƙaddamar a 2016, ta zauna shekaru ba ta aiki saboda babu isasshen rake, kamar ba a koyi komai daga ta farko ba. Kafin a kai 2022, abin da gwamnati ke biya na ruwan bashi kaɗai ya zarce abin da take kashewa a manyan ayyuka. A Disambar 2022 ƙasar ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, aka sake fasalin na cikin gida har 'yan fansho suka fito zanga-zanga, a Mayun 2023 IMF ta amince da rancen dala biliyan 3. Ayyuka da yawa suka tsaya cak, ƙarafuna a tsaye suna tsatsa.

In ka jera su, hoto ɗaya ne ke dawowa: Guggisberg da koko, Nkrumah da koko da bashi, na bayansu da yafiyar bashi da mai da sabon bashi. Kuɗi su shigo, a yi gini da sauri, farashi ya faɗi ko bashi ya nuna, sai a fara yanka daga kuɗin ayyuka, domin albashi da ruwan bashi ba sa jira. Abin da ake fara mantawa da shi kuma shi ne gyara. Babu wanda ke yanka zare don an yashe kwata.

Amsar da zan ba ɗalibata

Ban ga dalilin zagin Nkrumah ba, ban kuma ga na mai da shi waliyyi ba. Fitilar da nake rubutu a ƙarƙashinta yanzu, wani kaso na wutarta daga Akosombo yake. Shinkafar da ake sayarwa a kasuwar Nima ta tashar Tema take shigowa. Mahaifiyata ta shiga aji ne saboda an ce firamare kyauta ce kuma dole, ba don haka ba kakana ba zai kai ta ba, da ni ma wataƙila ban riƙe alli ba. Ayyukansa da suka daɗe su ne waɗanda jama'a da yawa ke amfani da su kullum, wato wuta da tasha da makaranta. Waɗanda suka mutu su ne waɗanda aka gina kafin a tambayi wa zai ciyar da su.

Sai dai a duk zagayen nan, daga 1919 zuwa yau, unguwanni irin namu a ƙarshen layi suke. Nima da Maamobi sun cika da mutanen da suka ɗauki siminti a ka suka gina birnin, amma magudanar ruwa da makewayi da asibiti suna zuwa musu a makare, in ma sun zo. A 2017 aka kafa asusun raya Zango da ma'aikata ta musamman, aka ga filayen ƙwallo da wasu azuzuwa. Ma'aikatar ba ta wuce wa'adi ɗaya ba. Kuma kada mu manta da namu laifin, domin ledar da ke toshe kwatar ba daga Akosombo ta zo ba.

Saboda haka ga aikin gida da na ba 'yan ajina, kuma ina roƙon iyaye da limamai da sarakunan Zango su taya su. Duk ɗan siyasar da ya zo da alkawarin gini, a tambaye shi abu uku cikin ladabi. Kuɗin na haraji ne ko bashi, in bashi ne yaushe za a fara biya? Wa zai riƙa gyarawa bayan an buɗe, da wane kuɗi? Kuma a kasafin majalisar gundumarmu na bana, nawa aka rubuta don magudanun ruwa? Kasafin nan ba asiri ba ne, kowane ɗan ƙasa na da ikon neman ganinsa. Ɗalibar tawa ta ce ita za ta je da kanta tare da yayanta, na ce in sun samo kwafin su kawo mu karanta a aji kafin damina ta faɗi.